Hakkin Kwaɗo Da Hakkin Manomi A Ma'aunin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kafa duwatsu a cikinta, Ya gudanar da ƙoramu, Ya kuma watsa halittu iri iri a bayanta, waɗanda ɗan Adam ya sani da waɗanda bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda aka aiko domin jin ƙai ga talikai, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, bayanin wannan mako ya shafi wata 'yar halitta wadda jama'a ba su ɗauke ta a bakin kome ba, watau kwaɗo. Yara kan jefe shi a bakin kududdufi, manya kan ture shi da ƙafa idan ya shigo zaure da damina, ba safai a kan sami wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko wannan halitta tana da wani hakki a wuyansa ba. Alhali kuwa Alƙur'ani mai girma ya ambaci kwaɗo, Hadisi ya yi magana a kansa, malaman fiƙihu kuma sun tattauna hukuncinsa tun ƙarnin farko. Abin da Shari'a ta kula da shi bai kamata Musulmi ya raina shi ba.

A cikin Suratul A'arafi, aya ta 133, Allah Ya lissafa kwaɗi cikin ayoyin da Ya saukar wa Fir'auna da mutanensa, tare da ambaliya da fara da ƙwarƙwata da jini. Sarkin da ya yi da'awar allantaka, sai ga shi abin da a ke takewa da ƙafa ya hana shi sakat a cikin fadarsa. A cikin Suratul An'ami, aya ta 38, Allah Ya sanar da cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikai al'ummomi ne kamar yadda mutane su ke al'umma. Suratul Isra'i, aya ta 44, ta ƙara da cewa kowane abu yana yi wa Allah tasbihi, mutane ne dai ba su fahimtar irin tasbihinsu. Ashe ke nan kukan da kwaɗi su ke cika dare da shi bayan ruwan farko yana da matsayi a wurin Ubangiji, ko da ya hana wani barci.

Game da Hadisi kuwa, Abu Dawuda da Nasa'i da Imamu Ahmadu sun ruwaito daga Abdurrahmanu ɗan Usmanu, Allah Ya yarda da shi, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sanya kwaɗo cikin haɗin magani, sai Annabi ya hana shi kashe shi. Da wannan Hadisi ne malaman Shafi'iyya da Hambaliyya suka kafa hujja a kan haramcin cin kwaɗo, Hanafiyya ma sun haramta shi. Amma Imamu Maliku bai ga laifi a cinsa ba, domin ya lissafa shi cikin dabbobin ruwa, waɗanda Allah Ya halatta farautarsu a cikin Suratul Ma'ida, aya ta 96. Wannan saɓani sananne ne, kowane ɓangare da hujjarsa, kuma ba a zargin wanda ya bi mazhabarsa.

To, sai dai a lura da kyau. Saɓanin malamai ya tsaya ne a kan mutum ya kama kwaɗo domin bukatarsa. Shafe jinsin halitta ɗungurungum daga bayan ƙasa wata mas'ala ce dabam. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin wani Annabi daga cikin Annabawa wanda tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwar, sai Allah Ya yi masa wahayi Yana zarginsa da halaka al'umma guda mai tasbihi sabo da laifin ƙwaya ɗaya. Haka nan Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa abin da ya hana Annabi ba da umurnin a kashe karnuka baki ɗaya shi ne kasancewarsu al'umma daga cikin al'ummomi. Imamul Haɗɗabi, wanda ya rasu a shekara ta 388 bayan Hijira, ya yi sharhi a kan wannan Hadisi, ya bayyana cewa Annabi ya ƙi a ƙarar da wani jinsi na halitta ne domin babu abin da Allah Ya halitta wanda ba shi da wata hikima da wani amfani. Annabi Nuhu ma, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ruwan ɗufana ya zo an umurce shi da ya ɗauki biyu biyu daga kowane jinsi, kamar yadda ya zo a Suratu Hudu, aya ta 40. Allah Mai iko ne Ya sake halittarsu daga babu, amma Ya ɗora wa bawanSa aikin tsare su.

Wannan bayani na magabata ya zama abin bukata ƙwarai a wannan zamani. A shekara ta 2023 masana na ƙasashe da yawa suka fitar da sakamakon wani babban bincike a kan kwaɗi da danginsu masu rayuwa tsakanin ruwa da tudu. Sun duba jinsi 8,011, suka tarar kashi 41 cikin 100 suna fuskantar barazanar ƙarewa. Babu wani rukuni na dabbobi masu ƙashin baya da ya kai su shiga wannan hatsari. Babban dalili shi ne rushewar wuraren zamansu ta hanyar noma da sare itatuwa, sa'an nan ga wata cuta da ke kama fatarsu, ga kuma sauyin yanayi. Kwaɗo da fatarsa ya ke shan ruwa, da ita kuma ya ke yin wani sashe na numfashinsa, sabo da haka idan wuri ya bushe ko ruwa ya gurɓace yana cikin na farkon da za su jikkata.

Misali guda ya isa ya bayyana yadda al'amarin ya ke. A yammacin ƙasar Gana, a yankin Sefwi, kusa da iyakar Kodebuwa, akwai kurmi mai duhu da yawan ruwan sama. Irin wannan kurmi ne ke fitar da goro, wanda fataken Hausawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja domin sayensa. A can cikin tsaunukan Krokosua aka ga wani irin kwaɗo guda ɗaya tak a shekara ta 2002, masana suka tabbatar da cewa sabon jinsi ne, suka raɗa masa sunan tsaunukan a shekara ta 2008. A shekara ta 2009 aka sake gano wasu a gandun dajin Kogin Sui. Tsawonsa kimanin inci 2 ne, amma a cikin danginsa, waɗanda yawancinsu 'yan mitsi mitsi ne, shi ƙato ne.

Akwai abin mamaki a halittar dangin wannan kwaɗo. Kwaɗin da aka saba gani kan yi ƙwai a ruwa, a ƙyanƙyashe talibambam, sa'an nan ya rikiɗe ya zama kwaɗo. Su kuwa waɗannan a ƙarƙashin danyen ruɓaɓɓen ganye su ke ajiye ƙwansu, ɗan kwaɗo ya fito daga ƙwai da cikakkiyar siffarsa. Sabo da haka rayuwarsa duka ta rataya ne ga inuwar manyan itatuwa da ganyen da su ke zubarwa. Idan aka sare itacen, rana ta sami ƙasa, ganyen ya bushe, to, gidansa da makwancin ƙwansa da wurin neman abincinsa duk sun tafi a lokaci guda. Ba a bukatar a ɗaga masa sanda kafin a kashe shi.

Abubuwan da ke cin wannan kurmi sanannu ne. Akwai masu yankan katako, na halal da na sata. Akwai masu haƙar zinariya ba da izni ba, abin da mutanen Gana su ke kira galamsey, waɗanda ke tone ƙasa suna gurɓata ƙoramu. Akwai sassabe domin noman koko, domin Gana ita ce ta biyu a duniya wajen noman koko, bayan Kodebuwa. Akwai gobarar daji, wadda ta yi wa ƙasar mummunar ɓarna a shekarar fari ta 1983, kuma a kan sami tashinta daga masu shan zuma da wuta a kogon itace. Sa'an nan duk inda aka buɗe kurmi sai wata muguwar ciyawa wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, mutanen Gana suna kiranta Acheampong, ta mamaye wurin, ta hana 'ya'yan itatuwa tasowa, da rani kuma ta bushe ta zama makamashi.

A nan ne mai gaggawa zai yanke hukunci, ya ce a kori kowa daga dajin, a zuba dogarai, a ɗaure wanda aka kama. Amma Hausawa sun ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ƙaramin manomin da ya tsallaka iyakar gandun daji ya yi sassabe bai yi domin ƙin kwaɗo ba, galibi ma bai san da zamansa ba. Gonarsa ta tsufa, amfaninta ya ragu, iyali sun ƙaru, ga kuɗin makaranta da na magani. Wanda ya hau itace da bakin wuta cikin dare yana neman zuma ya san zafin harbi, ya san hatsarin faɗowa, bukata ce ta kai shi. Idan aka hana shi ba tare da an nuna masa wata ƙofa ba, zai jira dogari ya yi barci ya koma, ya kuma ƙulla gaba da dajin da duk abin da ke cikinsa.

Wani masani ɗan ƙasar, mai suna Gilbert Adum, ya fahimci wannan. Ya tashi ne a arewacin Gana cikin dangin mafarauta, inda kwaɗo abinci ne, sa'an nan ya yi karatu ya zama mai binciken kwaɗi. A shekara ta 2011 ya shiga cikin kafa wata ƙungiya ta ceton kwaɗin Gana. Shi da abokan aikinsa suka shiga ƙauyukan da ke gefen gandun dajin Sui, suka koya wa mutane kiwon zuma na zamani, aka ba su amya irin ta akwati, wadda a ke ɗiban zuma daga cikinta ba tare da an ƙone ƙudan ko an kayar da itace ba. Aka haɗa kai da mutanen wurin wajen tuge muguwar ciyawar nan da dasa dubban itatuwa 'yan asalin kurmin. A shekara ta 2016 aka ba shi lambar yabo ta Whitley a birnin Landan sabo da wannan aiki.

Hikimar da ke cikin wannan dabara a bayyane ta ke. Ƙudan zuma yana bukatar furanni da inuwa, sabo da haka ranar da manomi ya mallaki amya, ranar ce itacen da ke tsaye ya zama jarinsa, gobara kuma ta zama abokiyar gabarsa. Wanda a da a ke tsaron daji dominsa, yanzu shi ne zai fara kai gudummawa idan ya hango hayaƙi. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko: manomi ya tsare itace domin zumarsa, kwaɗo ya sami inuwa. Musulmi kuwa ya fi kowa sanin darajar wannan sana'a, domin sura guda ce a Alƙur'ani ta ɗauki sunan ƙudan zuma, kuma a ayoyinta na 68 da 69 aka bayyana yadda Allah Ya kimsa masa yin gida a duwatsu da itatuwa da abin da mutane su ke ginawa, aka kuma ambaci waraka da ke cikin zuma. Haka nan Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ƙudan zuma yana cikin halittu huɗu da Annabi ya hana a kashe.

A gabashin ƙasar kuma, a tsaunukan jihar Volta, kusa da garin Amedzofe, akwai wani kwaɗon na cikin ƙoramu wanda aka yi shekaru da yawa ba a gani ba har aka ɗauka ya ƙare, sai aka sake gano shi a shekara ta 2005. Wani masani mai suna Caleb Ofori-Boateng ya zauna da sarakuna da masu ƙasa, har suka amince suka keɓe fili fiye da eka 800 a shekara ta 2018 domin tsare shi. Shi ma an ba shi lambar Whitley a shekara ta 2019. Yawancin mutanen waɗannan yankuna ba Musulmi ba ne, amma aikin alheri a kan yaba shi a duk inda aka gan shi, a kuma ɗauki darasi daga gare shi.

Wanda ya karanta fiƙihu zai gane cewa wannan tsari yana da asali a Musulunci. Larabawa suna kiran filin da shugaba ya keɓe domin maslahar jama'a hima, abin da ya yi kama da hurumi a ƙasar Hausa. Annabi ya keɓe wani wuri mai suna Naƙi'u a yankin Madina, Sayyidina Umaru kuma ya keɓe Sharaf da Rabaza. Imamu Maliku a cikin Muwaɗɗa, da Imamul Buhari, sun kawo wasiyyar da Umaru ya yi wa wani baransa mai suna Hunayyu sa'ad da ya naɗa shi mai tsaron hima. Ya umurce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya yi hattara da garkunan Ibnu Aufu da Ibnu Affanu, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da dabino da gonaki da za su koma gare su, shi kuwa talaka idan nasa suka halaka zai kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Sarkin Musulmi yana kuka, kuma ba yadda za a yi a kore shi. Umaru ya ƙara da cewa ba su ruwa da ciyawa ya fi masa sauƙi a kan ya ba su zinariya da azurfa, ya kuma yi iƙirari cewa ƙasar tasu ce, ba domin larura ba da bai keɓe ko taƙi ɗaya ba.

A duba waɗanda Umaru ya ce a yi hattara da dukiyarsu: Abdurrahmanu ɗan Aufu da Usmanu ɗan Affanu, manyan sahabbai biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Matsayinsu bai buɗe wa garkunansu ƙofar hima ba. Shaihu Halilu ma a cikin Muhtasar, a babin matacciyar ƙasa, ya gindaya sharuɗɗa ga hima: shugaba ne zai keɓe, sai da bukata, wurin ya kasance kaɗan, kuma ya kasance babu gini ko shuka a cikinsa. Duk waɗannan sharuɗɗa an sa su ne domin kada tsare ƙasa ya zama hanyar ƙuntata wa masu rauni.

Da wannan ma'auni ne ya kamata a auna kowane gandun daji. Idan aka kama mai ɗan gatari aka ɗaure, alhali motocin katako na masu hannu da shuni suna fita da tsakar rana, an juya wasiyyar Umaru ta koma kai ƙasa. Mai injin haƙar zinariya da mai kamfanin katako suna da abin komawa, su ne ya wajaba a fara tsananta wa. Ƙaramin manomi kuwa a zauna da shi, a ji ta bakinsa, a ba shi madadin abin da aka hana shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mutumin Madina ya zo yana roƙon Annabi, sai Annabi ya sayar masa da 'yan kayansa a kan dirhami 2, ya ce ya sayi abinci da ɗaya, ya sayo bakin gatari da ɗayan, Annabi ya sanya masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya aike shi neman abin kansa. Amyar da a ke miƙa wa manomi a gefen kurmi irin wannan taimako ne.

Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina dalilin kashe dukiya a kan kwaɗo alhali ga mutane cikin yunwa da cuta? Tambaya ce mai nauyi, kuma babu shakka ran ɗan Adam yana gaba da na dabba a Shari'a. Amma a duba inda dukiyar ta tafi. Amya hannun manomi ta shiga, zuma shi ya sayar, itacen da aka dasa ƙasarsa ya riƙe. Kurmin da ke ba kwaɗo inuwa shi ne ke tsare idon ruwan da ƙauye ke sha, shi ne ke kare gonar koko daga bushewa. Kwaɗi kuma suna cin ƙwari, su ma abinci ne ga tsuntsaye da macizai, idan suka gushe ma'aunin da Allah Ya kafa ya karkace. Suratur Rahman ta yi gargaɗi kada a ƙetare haddi a kan ma'auni, Suratur Rum kuma, aya ta 41, ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata, ta nuna cewa su ne za su ɗanɗani sakamakon. Inda kwaɗo ya rasa wurin zama yau, mutum zai rasa ruwan sha gobe.

Sabo da haka kowa yana da nasa nauyi. Hukuma ta tsare abin da ta keɓe da adalci, kada ta sayar da shi a ɓoye ga mai kuɗi. Sarakuna da masu unguwa su tuna cewa ƙasa amana ce ta waɗanda ba a haifa ba tukuna. Mawadata su sani cewa saya wa manomi amya ko raba masa irin itace sadaka ce mai gudana, domin Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Musulmin da ya yi dashe ko shuka yana da lada a kan duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi. Malamai da limamai su shigar da wannan babi cikin wa'azinsu, domin mutum kan bar abu sabo da tsoron Allah a wurin da idon dogari ba ya kaiwa. Manomi kuma ya kula da wutarsa lokacin ƙona sassabe, ya bar itatuwan bakin rafi a tsaye. Iyaye su hana yara azabtar da kwaɗi da tsuntsaye domin wasa, su tuna musu da matar da ta shiga wuta sabo da kyanwar da ta tsare har ta mutu, da mutumin da aka gafarta wa sabo da ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Allah Ya ba shugabanni ikon yin adalci irin na Umaru, Ya buɗa wa talakawa hanyoyin halal, Ya sa albarka a gonaki da dazuzzuka da ƙoramu. Allah Ya sanya tausayin halittunSa a zukatan bayinSa, Ya tsare su daga zama masu ɓarna a bayan ƙasa. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.